Guntun Dogo

Ranar da suka zo auna filin coci
ina gefe da sandata, ban ce uffan ba,
sai da yaron injiniya ya nuna reshen mangwaro:
"Baba, wannan ƙarfen fa? A ba 'yan bola-jari?"
Na ce, "Ɗana, wanke hannu kafin ka nuna shi."

Guntun dogo ne.
Mahaifina Habila ya saɓo shi a kafaɗa
tun daga Ebute Metta, a ƙasa,
shekarar da baiko bai kai kuɗin ƙararrawa ba.
Su tara ne a lokacin:
leburorin reluwe, ɗan sanda guda, masu gadi,
kukun wani Bature, da mata biyu masu tuyar ƙosai.
Wannan daga Kaltungo, wancan daga Biu, waccan daga Zonkwa,
kowa da harshen da aka yaye shi a ciki,
Hausa ce tabarmar da ta ɗauke su duka.
Suka rataye shi, suka buga.
Ikko ba ta waiwayo ba, amma su sun ji.

Shekara saba'in da 'yan kai iskar teku tana lasar sa.
Tsatsa ta ci ta ƙoshi, murya tana nan.

Abin da ya tashe mu ruwa ne.
Duk damina yakan zo sujada ba sallama,
ya wuce kai tsaye bencin dattawa.
Bara ya kai gwiwar Mama Rifkatu
tana buga tulu, ba ta fasa ba,
takalminta ɗaya ya bi kwata, har yau bai dawo ba.

Sai majalisa ta zauna. Kai, an sha dambarwa!
Dattijo Zabadi ya ce sai dai bayan ransa.
Matasa suka ce bene, da allon bango mai nuna waƙa,
da sujada ta biyu da Turanci
saboda yaran da aka haifa a nan, masu mafarki da Yarbanci.
Na fusata, ba na ɓoyewa.
Jikata Keziya in za ta ce "sannu da aiki"
sai ka ce ta ɗauko tukunya daga wuta ba tsumma.

Amma ita ce ta zo da daddare,
ta buɗe rajistar baftisma wadda gara ta fara ci,
tana ɗaukar hoton shafi bayan shafi da wayarta.
Ta tsaya kan wani suna: "Kaka, wace ce Laraba Tela?"
Na ce, wadda ta ɗinka labulen bagadi da zanen aurenta.
"Wannan fa?" Na faɗa. "Wannan fa?"
Har ladanin maƙwabta ya kira asuba
ba mu kai rabin mamatan ba.

Yanzu gini ya tashi, yana warin siminti.
Tsofaffin benci kafinta ya kankare, ya yi ƙofa da su.
Na roƙe shi ya bar wurin da na zana sunana da ƙusa
ina ɗan shekara takwas, ana tsakiyar wa'azi,
abin da ya jawo mini bulala shida.
Duk mai shiga yanzu sai ya tura laifina da hannunsa.

Ba duka ne suka tsira ba.
Mangwaron ya tafi. Zabadi bai ga rufi ba.
Akwai waƙar da ta bi Mama Saraya kabari,
ba wanda ya riƙe baiti na uku.

Ƙarfen kuwa yana sama, kusa da lasifika.
Matakala ashirin da huɗu. Gwiwata ta ƙirga, ta ce a'a.
Ran Lahadi na miƙa wa Keziya guduma,
na tsaya ƙasa cikin hayaƙin danfo, na kasa kunne.
Bugun farko, kwandasta ya haɗiye shi da kiran Oshodi.
Na ɗaga sanda, na ƙwala mata kira:
"Ba ƙwai ba ne, 'yar nan! Ƙara!"

Ta ƙara.